Kaskon Hajiya a Ɗaki Mara Taga

Yaran da muke haya tare a unguwar Al Nahda, nan Dubai, sun tasa ni gaba, wai sai na samo musu hanyar aikin jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa. Sun ga tsofaffin hotunana, ni cikin farar riga, teku a bayana, shi ke nan suka yanke hukunci cewa yawon duniya na yi aka biya ni. Ɗaya har cewa ya yi, "Kawu Isyaku, gyaran ɗaki ne fa kawai, kuma an ce ɗakunan 'yan mitsi-mitsi ne." Na ce masa yaro man kaza. Ƙanƙantar nan da yake rainawa ita ce sana'ar gaba ɗaya, domin babban ɗaki kowa ya gyara, ƙarami ne ke tona asirin wanda bai iya ba.

Gadon farko da na shimfiɗa a jirgi, a shekarar 2016, a ɗakin ciki ne, irin wanda ba shi da taga ko ta shan iska. Wadda ta koya mini aiki wata 'yar Filifin ce, Madam Rosa, tsawonta bai wuce aljihun rigata ba, amma in ta kalle ka sai ka ji kamar ka ci bashin uwarta. Gadon ya cika ɗakin, bango ta kai, bango ta gefe, ta ɗaya gefen kuma 'yar hanya ce da sai ka karkace za ka wuce. Na yarfa zanin gado yadda na saba yi a otal, hannuna ya doki talabijin. Na sunkuya in cusa gefe, ɗuwawuna ya tura ƙofar banɗaki. Na miƙe da sauri, ƙeyata ta gaisa da kanta. Madam Rosa na tsaye a bakin ƙofa ta rungume hannu. Da na gama fama ta ce, "Isiyaka, jikinka ya yi wa aikin nan yawa. Gobe ka bar rabi a ƙasa."

Ita ta koya mini cewa ƙaramin ɗaki daga ƙurya ake fara shi, ana yi ana ja da baya har a fita, kamar mai barin gaban surukai. Ka hau gado da gwiwa ka cusa zanin ta jikin bango, sannan ka sauko kana goge sawun gwiwarka da tafin hannu. In ka manta abu ɗaya a ƙurya, ka ɓata duk abin da ka yi, don ba hanyar komawa sai ta kan aikinka. Kurar kayan aiki ba ta shiga ɗaki, a lungu take tsayawa, ɗan kwando kake ɗauka. A cikinsa akwai tsummoki kala-kala, ja na masai, shuɗi na madubi, kuma ranar da ka musanya su gara ka faɗa teku da kanka. Akwai tsohon buroshin haƙori na saƙon famfo, da wani ɗan katako mai faɗi na cusa zani inda yatsa ba ya kaiwa, da 'yar waigi ta tare ƙofa, don ƙofofin jirgi nauyi gare su, da kansu suke rufewa. Banɗaki kuwa sai ka shiga ka rufo ƙofa kafin ka iya wanke shi. Labulen wankan yana da son mutane, da ka jiƙa shi sai ya manne maka a baya.

Kada ku ce ɗakin fasinja ne ƙarami sai kun ga namu. Can ƙasa yake, ƙarƙashin ruwa, gado biyu ɗaya kan ɗaya. Abokin kwanana Bitrus ne, mutumin Langtang, yana aiki a sashen wanki, ƙato ne na a-zo-a-gani. Mutum biyu ba sa tsayuwa a ɗakin nan lokaci guda. In zai sa wando, ni zan kwanta. In zan yi salla, shi zai hau gadon sama ya naɗe ƙafafu, ya riƙe mini waya yana duba alƙibla, don jirgi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sai in shimfiɗa darduma ya ce, "Liman, dakata, direba ya sha kwana, gabas ta koma wajen ƙofa." Ranar Lahadi kuma in waƙar coci ta yi masa daɗi ya ware hannuwa, ni ke duƙawa. Shekaru muka yi a haka ko cacar baki ba mu taɓa yi ba, don faɗa ma yana son fili.

Fasinjoji kuwa, na ga iri-iri. Mutum ya ga hoton ɗaki a waya, ya biya mafi araha, ya zo da akwatuna kamar mai ƙaura. Sai ka buɗe masa ƙofa ya leƙa, ya waiwayo ya ce, "Ina sauran?" Na ga wanda ya buɗe durowar kaya da ƙarfinsa yana zaton ƙofar falo ce. Aikinka a nan ka yi murmushi, ka durƙusa, ka ɗaga bakin zanin gado ka nuna masa ramin da ke ƙarƙashi, inda akwatuna ke shigewa su ɓace. In ka iya wannan, ka ninke masa tawul ya zama giwa ko agwagwa, kafin kwana biyu zai fara kiran wurin "ɗakina".

Doka ɗaya ce ba a wasa da ita, ita ce ta wuta. A jirgi ba a tsoron ruwa kamar yadda ake tsoron wuta, don in ta tashi ba maƙwabcin da za ka gudu gidansa. Dutsen guga, kyandir, rishon lantarki, duk haramun ne a ɗaki. Mai gyaran ɗaki shi ne idon jirgi. In ka gani, ba lallashi aka ce ka yi ba, ba nasiha ba, rahoto za ka kai nan take. Wanda ya gani ya yi shiru, a tasha ta gaba yake sauka da jakarsa. Wannan Madam Rosa ta faɗa mini tun makon farko, kuma ba da dariya ta faɗa ba.

Shekarar korona ce ta koya mini darajar wannan ƙuncin. Aka sauke fasinjoji, aka ɗaure jirgi, muka riƙa goge ɗakunan da ba wanda ya kwana ciki, ina shimfiɗa gado yau in warware gobe don kada hannu ya manta. Daga baya aka sallame mu. Bitrus ya samu jirgin sama ya tafi gida. Ni wani ɗan uwa ya taimaka mini da takardar zama, na raɓe a unguwar Muhaisnah a Dubai, ina bin motar leburori zuwa tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali ɗaukar kwali a sito, ranar da aka samu. Bayana ya ƙage, hannuna da ya saba da tawul ya yi kanta. Wallahi har mafarkin ɗakin nan namu na ƙarƙashin ruwa nake yi. Sai ƙarshen 2021 aka kira ni. Bitrus ba a kira shi ba, Madam Rosa ma haka. Sabon shugaban sashenmu ya tara mu ya ce kowannenmu akwai mutane a bayansa suna jiran ya yi tuntuɓe. Na ce a raina, ni da tuntuɓe har abada.

Ana cikin haka Allah ya kawo mini Hajiya Asabe.

Ranar ɗaukar fasinja ce a tashar Dubai, ina lungu da kurata, sai na ji wata murya daga nesa tana cewa, "Alhaji, wannan lungun ba ya ƙarewa ne?" Hausa tsantsa, ta cikin birnin Kano! Na saki tawul na ruga. Tsohuwa ce fara, 'yar duma-duma, takunkumin hanci ya sauka a haɓa. Bayanta mijinta ne, Alhaji Ɗanlami, ɗan kasuwar yadi, dogo mai shiru-shiru. Ɗansu da ke aiki a Dubai ne ya saya musu tikitin mako ɗaya su huta. Su kuwa sun gama sarin kaya a kasuwar Deira, suka ga ba dalilin biyan kuɗin ajiya alhali ga jirgi guda, suka taho da jakunkunan gana-mas-go har da bargo da fulas-fulas.

Na durƙusa na gaishe su. Hajiya ta tafa hannu ta ce, "La ilaha! Ɗan gida a tsakiyar ruwa? Ɗan wace unguwa ne kai?"

Na faɗa mata. Na buɗe musu ɗaki. Ta leƙa, ta dube ni, ta ce, "To madalla, ga zauren. Shige mu je ciki."

"Hajiya, ai nan ne cikin."

"Ɗan nan, ban son wasa da tsufa. Ina tagar?"

"Babu, Hajiya."

Ta juya wajen mijinta. "Alhaji, yaron nan naka akurki ya kama mana."

A ranar na nuna sana'a. Na raba gadon biyu, na cika ƙarƙashinsa, na cika saman durowa, na jera bargunan a bayan ƙofa, har na fitar musu da wurin shimfiɗa darduma ɗaya, in ɗaya na salla ɗaya ya hau gado. Hajiya ta yi ta sa mini albarka har na ji kunya. Ta damƙa mini dambun nama a leda, ta ce daga yau ni ɗanta ne. Daɗi ya kama ni sosai, don na daɗe ban ji an kira ni ɗan wani ba.

Washegari da safe, ina turo kura, hancina ya tsaya kafin ƙafata. Turaren wuta! Na gaske, ɗan Maiduguri, irin wanda ke kama tufa ya yi sati. Na tsaya na shaƙa na lumshe ido, sai kuma na tuna inda nake. Na ƙwanƙwasa, na shiga. Ga kasko na ƙasa a tsakar banɗaki, ɗan gawayi ja wur a ciki, Hajiya ta ja ƙofa ta bar 'yar kafa tana fifita hayaƙin da mayafi. Yadda kaskon nan da gawayin suka wuce na'urar binciken kaya, Allah kaɗai ya sani.

Na ce, "Hajiya, don girman Allah a kashe. An hana wuta a jirgi. Kin ga wancan faifan da ke silin? Hanci ne, in ya ji hayaƙi ihu zai yi."

Ta ce, "Wuta? Wannan ce wuta? Ɗan nan, ɗaki ba taga, ba iska, sai warin magani da ƙarnin ruwa, ka ce in zauna ba turare? Ni gwauruwa ce?"

Na kashe da ruwa ina ba ta haƙuri. Na kawo mata turaren fesawa na kamfani, ta shinshina ta ce a kai wa masu asibiti. Na ce ta ba ni kaskon in ajiye mata har ranar sauka. Ta rungume shi ta ce ya girme ni, da shi aka kai ta gidan miji. Kwana biyu bayan nan, muna barin Abu Dhabi, na sake jin ƙamshin. Na sake roƙo, har da durƙuso. Na samu Alhaji a wurin cin abinci, inda ya mayar ofishinsa, na kai masa kuka. Ya ajiye cokali ya ce, "Malam Isyaku, ni da na aure ta ban raba ta da kaskon nan ba tun muna da baƙin gashi. Kai kake so ka yi a sati ɗaya? Yalla, zauna ka ci kifi."

Na je har ƙofar ofishin shugabanmu, na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa. Sai na hango abin da zai biyo baya, ƙartin tsaro su shiga ɗakin sa'ar uwata, su zazzage mata kaya har na ciki, su fita da kaskon aurenta a leda, ni kuma ina tsaye a lungu, ta san ni na kai ta. Hannun ya ƙi. Na ce saura 'yan kwanaki, Allah zai rufa asiri. Ku da kuke dariya, ku je ku kai ƙarar kakarku wurin Bature ku dawo ku ba ni labari.

Asiri ya rufu har ranar Juma'a. Mun baro Maskat mun nufo Dubai, hantsi ya ɗaga, ina cikin ninke tawul a ɗaki na kusa. Ashe Hajiya ta ga ranar Juma'a ce, babbar rigar Alhaji ba za ta fita ba turare ba, kuma banɗaki ya yi wa rigar kaɗan. Ta fito da kasko tsakar ɗaki, daidai ƙarƙashin faifan nan, ta ƙara gawayi, ta zuba turare da hannu sake, ta baza riga a kai.

Lasifika ta yi kiran gobara da kowane ma'aikaci ya sani, aka ambaci hawan benen da nake aiki da lunguna. Kafin in fito, ga 'yan kwana-kwanan jirgi sun cika lungu, kowa da hular kwano da tukunyar iska a baya, suna jan tiyo. Na gaba ya banka ƙofa ya kutsa, tukunyarsa ta maƙale a jikin durowa, ya kasa gaba ya kasa baya. Na bayansa suna turawa, shi yana ihu cikin abin rufe fuska. Hajiya ta haye gado tana salati da ƙarfi, ta ɗauka masu kwashe 'yan korona ne suka zo. Alhaji daga shi sai singileti da wando, ya maƙale a ƙurya yana roƙon su bi a hankali da Larabci, "Shwayya, shwayya, habibi!" Wani ya miƙa hannu ta ƙarƙashin hammatar na gaba ya fesa wa kasko kumfa, ya haɗa da babbar riga. Lungu kuwa ya gume da ƙamshi, har wata Baturiya ta leƙo tana tambaya a wane shago ake sayarwa. Na jingina da kurata ina dariya har da hawaye, alhali na san abin da ke tafe.

Da la'asar aka kira mu ofishin mataimakin kyaftin, wani Bature, ni da su. Kasko na kan tebur a cikin leda. A duk jirgin ba mai jin Hausa sai ni, don haka ni ake tuhuma, ni ne kuma tafinta.

Hajiya ba ta jira an tambaye ta ba. Ta ce, "Gaya masa ya ji kunya. Ƙato da shi, ya tara kuɗin mutane ya zuba su a kwali ba taga. Kuma rigar Alhaji shadda ce, sai ya biya."

Na ce da Turanci, "Tana ba da haƙuri ƙwarai."

Mutumin ya dube ni, ya dubi yatsan da take nuna shi da shi, ya ce haƙurin nata da zafi yake. Ya yi bayanin haɗarin wuta, na fassara. Ya ce za a riƙe kaskon sai an sauka, na fassara, ta yi tsaki. Sannan ya gyara zama ya ce in tambaye ta, kafin yau, mai gyaran ɗakinta ya taɓa ganin wannan abu?

Na juya na faɗa mata tambayar yadda take.

Fuskarta ta washe, ta ga dama ta samu ta yi wa ɗanta rana. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Ya gani mana! Tun washegarin zuwanmu. Yaron kirki ne, ɗan mutunci. Ya hana ni, ya sake hana ni, har ƙasa ya durƙusa, ni na ƙi ji. Bai ɗaga mini murya ba, bai kai ni gaba ba, ya rufa mini asiri kamar uwarsa. Laifina ne ni kaɗai. Faɗa masa duka, kada ka rage ko ɗaya. Kuma ina jin ka, na san yes na san no, a Deira na koya."

A wurinta ta gama wanke ni. A gidan da ta fito, yaron da ya yi wa babba magana cikin ladabi ya kuma rufa masa asiri, ya yi duk abin da ake nema ga ɗan halak. Tana kallon bakina tana murmushi, tana gyaɗa kai. Na faɗa masa duka, ban rage ba.

Mutumin ya ture kaskon gefe. Ya ce su Hajiya za su iya tafiya, ni in tsaya. Maganarmu ba ta yi tsawo ba. Ya ce ya yaba da gaskiyata, kuma na san doka. Na ce na sani.

Da safe muka iso Dubai. Na roƙi alfarma a bar ni in sauke musu kaya, aka bar ni. Na zaro jakunkunan daga ƙarƙashin gado, na loda a kura, na ɗora tawa a sama, muka gangara. Alhaji ya kalli jakar, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai. Hajiya na gaba, an mayar mata da kaskonta, ta rungume shi a cikin mayafi tana ta ba ni labarin yadda ta yi wa Bature tatas.

A bakin tasha, muna jiran motar ɗansu, ta ƙirga kayanta da ido ta tsaya a kan baƙar jaka.

"Wannan fa? Ba tamu ba ce."

"Tawa ce, Hajiya."

"Ina za ka?"

"Hutu suka ba ni."

Ta buga cinya ta juya wajen mijinta. "Ka gani ko, Alhaji? Na ce maka in ka faɗi gaskiya ba ka taɓewa. Har hutu na samo masa!" Ta kama hannuna ta riƙe gam. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka huta sosai, ka ji? Ka rame."

Na ce, "Amin, Hajiya. Zan huta."